Rahoton Kwamiti kan Aikin Haikalin Jain na Leicester

Aikin da muka ɗauko a titin Oxford, birnin Leicester na Ingila, ya kammala. Ginin tsohuwar majami'a ce da jama'armu, mabiya addinin Jain mai asali daga Indiya, ta saya a 1979, a ƙarƙashin jagorancin Dakta Natubhai Shah. Akasarinmu daga Gabashin Afirka muka taso, wasu bayan Idi Amin ya kori 'yan Asiya daga Yuganda a 1972, kuma mun daɗe ba mu da wurin ibada namu na kanmu. A 1988 aka girka mutum-mutumin Tirtankara, wato manyan malaman addininmu waɗanda su 24 ne, aka buɗe haikalin.

Fuskar ginin an lulluɓe ta da farin dutsen marmara. Haikalin kansa yana saman bene, kuma a nan ne ƙarfin aikin ya tafi. Ginshiƙai 44 na dutsen yashi mai ruwan ɗorawa, irin na Jaisalmer, a Indiya aka sassaƙa su da hannu, aka yo jigilarsu gunduwa-gunduwa, masassaƙa suka zo suka harhaɗa su a nan. Duk wanda ya matsa kusa da ginshiƙi ɗaya zai ga furanni da siffofi sun hau juna tun daga gindi har sama, babu tafin hannu guda da aka bari fili. Tagogin gilashi masu launi kuma suna ba da tarihin Mahabira, ɗaya daga cikin Tirtankara.

A tsakiya Shantinat ne, Tirtankara na 16, zaune ya harɗe ƙafafu, alamarsa barewa. Akwai Parshwanat, wanda macizai suka yi wa laima a ka, da Mahabira, na 24 kuma na ƙarshe.

Abin da ya fi faranta wa kwamiti rai shi ne yadda ɗariƙunmu suka samu mazauni ƙarƙashin rufi ɗaya. 'Yan Shwetambara suna ƙawata mutum-mutuminsu da idanu masu ƙyalli da kayan ado. 'Yan Digambara suna barin nasu babu ado ko kaɗan, kuma an ware musu sashensu. 'Yan Stanakwasi ba sa ibada gaban mutum-mutumi sam, don haka ɗakinsu na nazari da addu'a ne. Kowa ya samu nasa, ba a tilasta wa wani bin tsarin wani ba.

An kuma tanadi ɗakin karatu, gidan tarihi da zauren cin abinci. Muna roƙon masu ziyara su cire takalma da duk wani abu na fata kafin shiga haikali, kuma kada a shigo da nama cikin ginin.