Amsa ga Yaya kan maganar faya mashal da ƙofar masallacinmu

Assalamu alaikum Yaya, da fatan kana lafiya da iyali, ya jikin Hajiya, ya zafin Kano.

Naga tambayar da ka ajiye min a Facebook ƙarƙashin hoton allon nan da aka liƙa mana a bangon masallaci, kana cewa wai wane ne wannan faya mashal ɗin da har ya isa ya ƙayyade wa Musulmi mutum nawa za su yi tarawi, ko dai ƙiyayya ce aka sa mata riga. Tunda a bainar jama'a ka tambaya, kuma naga mutane sun fara tofa albarkacin bakinsu har wani na cewa mu garzaya kotu, toh bari in amsa a inda kowa zai gani.

Ba ƙiyayya ba ce Yaya. Ni kaina ranar da abin ya faru haka na ɗauka, na koma gida ina ta huci har uwargida tace in sha ruwa tukunna.

A nan Amurka ƙarƙashin jiha akwai gunduma, su suna ce mata kawunti, sun haura 3,000 a ƙasar, kamar ƙaramar hukuma a wajenmu sai dai tana da harajinta da ƙarfin faɗa a ji. Faya mashal ma'aikacin gunduma ne, kuma ba shi ke jan mesa ba. 'Yan kwana-kwana su ne masu zuwa da jiniya in wuta ta tashi, shi kuma nasa aikin kafin wutar ne da bayanta. Tsarin ya bambanta daga jiha zuwa jiha, a Texas misali na gunduma ya fi kula da yankunan da ba sa cikin iyakar wani birni, don manyan birane suna da nasu, wani wurin kuma ofishin a haɗe yake da na agajin gaggawa.

Masallacin namu ka sani shago ne muka kama haya, tsohon kantin kayan ɗaki. Ana saura sati biyu azumi sai ga sufeto daga ofishinsa, mace ce ma, ta cire takalmi ba tare da wani ya ce mata ba. Tana riƙe da takalmin nata ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon tulin namu, kasan yadda muke yi, kowa ya tuɓe a inda ƙafarsa ta tsaya, silifas kan but, but kan sandal, har sai ka ɗaga ƙafa ka tsallaka. Bata ce komai ba ta rubuta. Muka zagaya ƙofar baya, sarƙa da kwaɗo, ni da hannuna na saka tun lokacin da aka sace mana asusu. Wannan kam bata rubuta ba ma tukunna, tace a buɗe yanzu tana tsaye, ni kuma makullin yana mota, na fita ina lalube a aljihu kamar ɗalibin da aka kama ba littafi. Ta danna maɓallin fitilar nan mai nuna hanyar fita, wadda doka tace ta ci gaba da ci na minti 90 in an ɗauke wuta, batirin ya mutu tun yaushe. Ta ɗaga takardar da ke rataye jikin tukunyar kashe gobara, rabon da a duba ta shekara biyu, alhali duk shekara ake so. Ta ɗaga gefen kafet sai ga wayar jona uku an haɗa wannan cikin wannan kuma hita a ƙarshensu. A sito katan ɗin ruwa da dabino mun jibge har suna neman taɓa kan famfon feshin ruwa na silin, su kuma suna son a bar tazarar inci 18 don ruwan ya samu bazuwa. Wallahi Yaya ba ko ɗaya da zan iya musawa, abin da ya fi ƙona min rai kenan.

Lambar da ka gani a allon, 120, ba daga kanta ta ƙirƙiro ba. Auna faɗin ɗakin ake a raba, ɗakin taro mai cunkoso kowane mutum ana ba shi ƙafa 7 murabba'i, sannan a duba ƙofofi nawa ne kuma faɗinsu zai iya fitar da mutanen ko a'a. Da zarar wuri zai ɗauki mutum 50 dole mafita biyu, kuma ƙofa ta buɗe ta waje. Ma'aunin da aka auna mu da shi ake auna coci da gidan rawa da ɗakin biki. Mu kuma goman ƙarshe muna haura 200, ga yara, ga dattawa masu kujera.

Wannan maganar ƙofa ta buɗe ta waje tana da tarihi, sai da na zauna na karanta na daina fushi. A 1903 gidan wasan Iroquois a Chicago ya kama wuta mutum sun fi 600 suka mutu, da yawa a jikin ƙofofin da suka ƙi buɗuwa, bayan nan ne aka fito da ƙarfen nan da ake gindayawa a ƙofa wanda ko da ƙirji ka banke shi za ta buɗe. A 1911 masana'antar ɗinki ta Triangle a New York mutum 146, yawanci 'yan mata, masu wurin sun kulle ƙofa don tsoron sata, kaga dalilinsu da nawa ɗaya ne sak, nan jikina ya yi sanyi. A 1942 gidan rawa na Cocoanut Grove a Boston mutum 492, an cika wurin ya ninka abin da aka yarda masa. A 2003 ma a jihar Rhode Island mutum 100 suka tafi a wani gidan rawa, jama'a suka ɗunguma ƙofar da suka shigo ta ita suka toshe ta da jikinsu. In ka ga ƙi gudu sa gudu ne bai zo ba, ranar da hayaƙi ya turnuƙe ba mai tsayawa neman takalminsa, a kansu za a yi ta tuntuɓe.

Wadda ta fi taɓa mu ita ce gobarar wani dogon benen gidaje a unguwar Bronx ta birnin New York a watan Janairun 2022, mutum 17 ciki har da yara 8, mafi yawansu 'yan Gambiya, 'yan uwanmu Musulmi. Masu binciken gobara na birnin suka gano hitar ɗaki ce ta tada wutar, sannan ƙofar gidan da ya kamata ta rufe kanta bata rufe ba, hayaƙi ya bi matakala ya cika benen, hayaƙin ne ya kashe su ba harshen wuta ba. Wannan shi ne rabin aikin na biyu, bayan an kashe wuta faya mashal ke shiga cikin toka ya bi sawu har inda ta fara, waya ce ko girki ko da gangan aka cinna, wani sa'in da kare mai sansano fetur, kuma a wurare da dama yana da ikon kama mutum kamar ɗan sanda.

Sauran aikin ba a ganinsa sosai. Kafin a gina makaranta ko asibiti sai zanen ya bi ta ofishinsa, ya duba motar kwana-kwana za ta iya shiga, famfon ruwa na bakin titi yana kusa. Atisayen fita da yarana ke yi a makaranta, a kaɗa ƙararrawa su fito a layi a ƙirga su, yana cikin abin da ake dubawa, haka shirin kwashe tsofaffi daga gidajen kula da su. In fari ya yi tsanani shi ke ba shugabannin gunduma shawarar a hana ƙona shara da ciyawa, wasan wuta na 4 ga Yuli, ranar bikin 'yancin kan Amurka, sai da izini. Sannan sanin inda ake ajiye sinadarai masu haɗari, don a garin West na Texas a 2013 rumbun takin zamani ya fashe ya kashe mutum 15, 12 daga cikinsu waɗanda suka zo kai ɗauki ne.

Ba wai nace babu ƙyamar masallatai a ƙasar nan ba fa. Akwai, garin Bernards a New Jersey sai da ya biya dala miliyan 3.25 a 2017 bayan ya yi shekaru yana wahalar da Musulmi kan izinin gini da hujjar wurin ajiye motoci. Na san irin wannan in na gan shi. Namu ba shi ba ne, kwaɗon nan ni na saya.

Yanzu dai mun sa kantar takalma a gefe, mun sa wa ƙofar baya ƙarfen bankewa mai ƙara in an buɗe, wanda ya magance maganar ɓarawon ma, mun ja sabon soket mun zubar da wayoyin jona, tarawi kuma mun raba ta rukuni biyu, wani bayan wani, da limamai biyu. Kuɗi sun fita kam, har yanzu ma'ajinmu in ya ganni sai ya yi tsaki. Sufeton nan ta dawo ta duba ta sa hannu, bata ci mu tarar ko sisi ba.

Tun da naji labarin almajirai 17 da gobara ta cinye cikin dare a Ƙauran Namoda a watan Fabrairun 2025 nake tunanin makarantar allon nan ta bayan gidanmu, ɗakin kwanan nan mai ƙofa ɗaya da tagogi duk an yi musu ƙarfe. Dan Allah Yaya in ka fita sallar asuba ka leƙa min ka gani ko har yanzu ta waje ake sa musu kwaɗo da daddare, in haka ne ka yi wa Malam magana a hankali, kuɗin fasa ƙofa ta biyu ni zan turo.

A gaida Hajiya, ace mata maganin ƙafar yana hanya.

Ƙaninka