Amsa ga Mai Tambaya kan Ƙa'idojin Amincewa da Zanen Gini

Assalamu alaikum, Malam.

A shirin rediyon da aka tattauna rushe gine-gine, ka tambaye mu masu zanen gini ko akwai adalci a ƙa'idojin da hukumomin tsara birane irin KNUPDA a Kano da KASUPDA a Kaduna ke bi wajen duba zane. Wasu adalci ne, wasu kuwa da sake.

Abin da ya shafi rai ba a sassauta shi. Kaurin rodi a ginshiƙi, zurfin harsashi, hatimin injiniyan da COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta ƙasa, ta yi wa rajista idan bene ne, nisan sokawe da rijiya wanda masana lafiya ke son ya kai mita 30. Talaka da attajiri duk ɗaya ne a nan.

Matsalar tana wajen tazara, wato filin da doka ta ce a bari tsakanin gini da iyakar fuloti. Ɗauki ma'aunin Legas, wanda ake yawan kwaikwaya: mita 6 a gaba, mita 3 a kowane gefe da baya. Fuloti hamsin-hamsin kusan mita 15 ne kowane ɓangare. Cire tazarar, saura mita 9 a faɗi, 6 a tsawo, wato kwata ɗin filin kaɗai. Mai ɗari-ɗari kuwa fiye da rabi ke rage masa. Ma'auni ɗaya, hasara ba ɗaya ba.

Kuma ai gidan Bahaushe ɗakuna ake jerawa jikin katanga, iska da haske su shigo ta tsakar gida, zaure ya fuskanci titi. Dokar tazara tana ɗauke tsakar gidan ta mayar da shi lunguna a bayan ɗakuna, inda sai tarkace da sauro. Mai awon igiya ya duba ya ga ba zai tsallake ba, sai ya yi gininsa babu izini, a wayi gari an shafa masa jan fenti.

Abu na biyu, a ƙi zane da baki kawai. Dokar tsara birane ta 1992 ta ce a bayar da dalilin ƙi a rubuce, jinkiri kuma kada ya wuce wata 3. Sai dai Kotun Ƙoli a 2003 ta ce tsara birane hurumin jihohi ne, don haka dokar jiharka za ka duba.

In aka dawo maka da zane, nemi a rubuta sashen ƙa'idar da ya saɓa, da sa hannu da kwanan wata. Kuɗi kuma ka biya ta banki, ka riƙe rasit.

Wassalam.