Zuwa ga kwastomominmu: maganar kwalbar wanke nozul

Assalamu alaikum Alhazai, Hajiyoyi da 'yan uwa direbobi,

Daga garejinku na nan Agege ne. Kusan kullum sai wani ya shigo ya ce a ba shi "kwalbar nan da ake zubawa a tanki", wani ma biyu yake so, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 abin ya ƙaru sosai don kowa dabarar rage shan mai yake nema. Wallahi ba mu ga laifin kowa ba, shi ya sa muka ce bari mu yi bayani kowa ya ji.

Maganin nan yana aiki, amma wanki kawai yake yi, ba ya gyara. Nozul shi ne ke fesa mai cikin inji, ramukan bakinsa ƙanana ne kamar na allura, to motar da kullum tana cikin go-silo daga Agege zuwa Oshodi, a tsaya a matsa a tsaya, datti yana taruwa a wurin a hankali, man da ya kamata ya fita kamar feshin turare sai ya koma tsartuwa, shi ne za ka ji mota tana rawa in tana silo ko tana nauyin tashi da safe. Irin wannan dattin, magani mai kyau yana narkar da shi, musamman wanda aka rubuta PEA (sunan sinadarin wankin) a jikinsa, irin su Techron.

Amma satin da ya wuce wani Alhajinmu ya kawo Corolla, kwalba uku ya zuba cikin wata ɗaya kuma motar ba ta daina fizga ba in za ta hau gada. Da muka ciro famfon mai, rariyar da ke gindinsa ta yi baƙi ƙirin kamar an tsoma ta a kwata, ga ruwa kwance a ƙasan tankin. Ashe a jarka yake sayen mai wajen 'yan bumburutu. Na tausaya masa ƙwarai, kuɗin kwalaben nan da sun rage masa kuɗin gyara. Ruwa a tanki, fulogi da ya mutu, koyil ɗin da ke ba fulogi wuta, famfo mai rauni, babu kwalbar da za ta yi maganinsu. Waɗanda suka sha wahalar gurɓataccen man nan mai methanol na Fabrairun 2022 sun sani, sai da aka juye tanki.

Masu motocin da aka rubuta GDI a injinsu ku ma ku lura, nozul kai tsaye yake fesa mai cikin silinda a irin naku, mai ba ya bi ta kan bawul ɗin shigar iska, don haka magani ba ya kai wa wurin, sai an kwance an wanke da hannu.

In za ku zuba, ku bari mai ya yi ƙasa, ku zuba a gidan mai sannan ku cika tanki ya gauraya. Ku duba lita nawa aka rubuta a kwalbar, kar a ƙara. Na fetur daban na gas daban, kuma dan Allah a tanki ake zubawa, ba wurin baƙin mai ba. Mu shawararmu sau ɗaya kafin juyen baƙin mai ya isa, ba kowane shan mai ba.

Sai jabu. Ya yi yawa a kasuwa, kwalba sak amma murfin babu hatimi, rubutun yana gogewa da yatsa. Mun daina karɓar duk wanda ba mu san dilansa ba ko da ya fi araha.

Duk wanda wutar cek injin ta kama masa ya fara kawo motar mu sa mata kwamfuta kafin ya sayi komai. Muna nan Litinin zuwa Asabar, ran Juma'a sai bayan an sauko daga masallaci.

Allah Ya tsare hanya, Ya sa albarka a nema.

Naku,
Mai gareji da yaransa