Sanarwa ga Iyayen Yara Masu Otizim (lalurar da ke shafar magana da mu'amalar yaro) na Makka

Assalamu alaikum ƴan'uwa, iyaye mata da maza. Ya jiki, ya yara?

Za mu yi zama ta Zoom ranar Juma'a bayan sallar Isha'i, ƙarfe 9. Maganar ɗaya ce: yadda za mu gane yaranmu ba su da lafiya, alhali da yawansu ba sa iya cewa ga inda ke musu ciwo.

Na gani a kan nawa. Kwana biyu yana ture kwanon shinkafar da ba ya wasa da ita, yana buga kai a bango, ni kuma na ɗauka rigimarsa ce ta yau da kullum. Da na sa masa ma'aunin zafi, sai ga 39. Wallahi har yanzu abin na cina. Don haka duk canjin hali, ko yawan barci, ko numfashi sama-sama, a fara auna zafin jiki kafin a ce halinsa ne. Masu yaran da ke farfaɗiya su ƙara sa ido, zazzaɓi na iya tayar da ita.

Kafin Juma'a kowa ya rubuta a takarda magungunan yaronsa da abin da ke firgita shi, don nuna wa likita. Za mu kuma haɗa riyal 20 kowane gida, a sayo ma'aunin zafi ga waɗanda ba su da shi. Neman shawarar likita a kira 937, motar asibiti kuma 997.

Allah Ya ba mu lafiya da zuri'armu baki ɗaya.

Ƴar'uwarku, mai kula da rukuni