Wasiƙa Zuwa ga Aminina Kan Shafukan Bogi na Kuɗin Kirifto

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, ina sanar da kai cewa saƙonka ya iso ni, kuma na karanta shi har sau biyu. Na ji daɗi da ka nemi shawarata tun kafin ka buɗe asusu a dandalin musayar kuɗin kirifto, wato kuɗin intanet irin su Bitcoin. Sai dai magana ɗaya ta tsaya mini a rai. Ka ce ka duba shafin da aka turo maka, ka ga tambarin kamfanin da launinsa, ka ga alamar kwaɗo a gefen adireshi, saboda haka hankalinka ya kwanta. Wannan maganar ce ta sa na zauna rubuta maka doguwar amsa, domin a cikin abubuwan da ka lissafa babu wanda ɗan damfara ba zai iya kwaikwaya ba cikin yini guda.

Ka fara riƙe wannan: kuɗin kirifto idan ya fita, ya fita ke nan. Tun da aka ƙaddamar da Bitcoin a 2009 aka gina tsarin a kan cewa cinikin da aka tabbatar ba ya warwaruwa, kuma babu wani ofishi da za ka kai kuka ya dawo maka da abin da ka tura da hannunka. Ɓarawo ba ya buƙatar fasa kamfanin. Ya ishe shi ya gina shafi mai kama da na kamfanin, ya jira ka miƙa masa kalmar sirrinka da kanka.

Abin da ba zai iya mallaka ba shi ne ainihin sunan shafin, don haka can ya kamata idonka ya tafi, kuma akwai yadda ake karanta shi. Ka nemi karkataccen layi (/) na farko da ya biyo bayan sunan, sannan ka karanto baya daga nan, wato daga dama zuwa hagu. A ce adireshin kamfanin shi ne misali.com. Idan ka ga misali.com/shiga, kana gidan da ka nufa. Idan kuwa ka ga misali.com.tabbatarwa.net/shiga, to kana gidan mai tabbatarwa.net, ko wane ne shi, sunan kamfanin kuma ado ne kawai aka maƙala a gaba don ya ɗauke maka hankali. Haka nan misali-tsaro.com da misali.co da misa1i.com, inda aka sa lamba ɗaya a gurbin harafi, kowannensu gida ne dabam mai maigida dabam. A waya abin ya fi muni, saboda allon ƙarami ne, sau da yawa ba ya nuna adireshin gaba ɗayansa sai ka taɓa shi.

Akwai dabarar da ta fi wannan zurfi, kuma ina ganin mu masu rubuta Hausa mun fi kowa saurin gane ta. Mun san cewa ƙugiya ɗaya ce ta raba baki da baƙi, ta raba kafa da ƙafa, kuma mun san yadda ido ke tsallake ta idan mutum yana sauri. To, tsarin intanet ya yarda a yi rajistar sunaye da haruffan wasu harsuna, waɗansunsu kuma ba su da maraba da namu a ido. A 2017 wani mai bincike, Xudong Zheng, ya yi rajistar suna da haruffan Sirilik, irin waɗanda ake rubuta Rashanci da su, wanda ya riƙa bayyana a burauzar Chrome da ta Firefox, wato manhajojin buɗe shafukan intanet, tamkar apple.com, alhali ainihinsa yana farawa ne da xn-- da tarkacen haruffa da lambobi. A farkon 2018 'yan damfara suka yi wa masu hulɗa da dandalin musayar kirifto na Binance irin wannan, suka buɗe shafi mai sunan kamfanin amma da ɗigo a ƙarƙashin haruffa biyu, ɗigon da za ka rantse ƙura ce a kan allo. Suka tara bayanan shiga na mutane suka yi shiru, sai ranar 7 ga Maris suka yi amfani da asusun nan wajen sayen wani ƙaramin kuɗi mai suna Viacoin don su cilla farashinsa sama. Masu burauza sun ɗauki matakai tun lokacin, amma darasin da na ɗauka shi ne kama da wane ba wane ba ne, kuma idona kaɗai bai isa shaida ba.

Batun kwaɗon da ka ambata kuwa, ma'anarsa ba ta wuce cewa abin da kake rubutawa yana tafiya a lulluɓe tsakaninka da shafin ba. Bai ce komai ba game da mai shafin. Takardar shaidar da ke kawo kwaɗon ana samunta kyauta cikin mintuna, kuma mai shafin bogi yana karɓar tasa kamar kowa. Saboda yawan mutanen da ke yi masa fahimtar da ka yi masa ne Google ya cire alamar daga Chrome a 2023. Rashin wannan lulluɓi dalili ne na gudu, amma samunsa ba dalilin amincewa ba ne. Gargaɗin burauza kuma kada ka taɓa tsallake shi. A watan Afrilun 2018 aka karkatar da hanyar da ke kai mutane shafin MyEtherWallet na ajiyar kuɗin kirifto, ta yadda wanda ya rubuta adireshin daidai ma sai ya faɗa hannun ɓarayi. Abin da ya tsaya tsakanin mutane da asara a ranar shi ne gargaɗin cewa takardar shaidar shafin ba ingantacciya ba ce. Waɗanda suka danna suka wuce sun yi asarar kuɗin kirifto mai suna Ether na kimanin dala 150,000.

Yanzu sai tambayar da ta fi muhimmanci a wurina, wato ta wace hanya ka isa shafin. Kai ka ce turo maka aka yi, kuma wannan kaɗai ya isa ka rufe shi. Kada kuma ka ɗauka neman sunan kamfanin a Google ya raba ka da haɗari, domin sakamakon da ke can sama sau da yawa talla ne, talla kuwa na wanda ya biya ne. A 2018 masu binciken tsaro na Cisco suka fallasa wani gungu da ya riƙa sayen irin wannan talla da sunaye masu kama da blockchain.info, wani shafin ajiyar Bitcoin, suka ƙiyasta abin da ya sace da kusan dala miliyan 50 cikin shekara uku.

Ni kaina na kusa faɗawa. Wata rana da dare saƙon imel ya shigo mini da sunan dandalin da nake hulɗa da shi, wai an shiga asusuna daga wata ƙasa, in tabbatar da kaina nan take ko a rufe shi. Gabana ya faɗi, na danna mahaɗin ba tare da tunani ba, shafin kuma ya buɗe tsaf kamar yadda na saba ganinsa. Abin da ya cece ni shi ne manhajar da ke ajiye mini kalmomin sirri ta ƙi cike gurbin kamar yadda ta saba. Har na fara jin haushinta, ina shirin rubutawa da hannu, sai na tsaya na tambayi kaina dalilin ƙin nata. Ita ba ta ganin tambari ko launi, adireshi kawai take gwadawa harafi da harafi, kuma wannan bai yi daidai da wanda ta sani ba. Tun daga ranar, duk saƙon da ya zo yana matsa mini da gaggawa sai in ajiye shi, in shiga asusuna ta hanyar da na saba in duba da kaina.

Ga abin da nake so ka yi. Ka tabbatar da adireshin kamfanin sau ɗaya, a natse, ta hanyar gwada shi a wurare biyu ko uku da ba su dogara da juna ba, sannan ka adana shi a burauzarka, kada ka sake shiga sai ta nan. Idan suna ya ba ka shakka, ka duba ranar rajistarsa a shafin binciken ICANN, hukumar da ke kula da sunayen shafukan intanet, domin kamfanin da ke iƙirarin shekaru goma a kasuwa ba zai zauna a adireshin da aka yi wa rajista makon jiya ba. Manhajar waya kuma ka sauke ta ta mahaɗin da ke shafin kamfanin na gaskiya, saboda jabun manhajoji sun sha kutsawa rumbunan manhaja. Idan dandalin yana ba da damar zaɓar kalma ta musamman da za ta riƙa fitowa a kowane imel nasa, ka kunna ta, haka ma tsarin da ke hana fitar da kuɗi sai zuwa adireshin da ka riga ka amince da su.

Game da matakin tsaro na biyu, wato ƙarin shaidar da ake nema bayan kalmar sirri, lambar da ake turowa ta saƙon waya ita ce mafi rauni, domin ana iya sace layin mutum. Lamba mai alƙaluma shida da manhaja ke sauyawa duk daƙiƙa 30 ta fi ta, amma ita ma idan ka rubuta ta a shafin bogi, ɓarawo zai miƙa ta ga shafin gaskiya kafin ta mutu. Maɓallin tsaro na hannu irin YubiKey shi ne ba ya ruɗuwa, saboda an ɗaure shi da ainihin sunan shafin, ba ya amsa wa wani.

Idan ka kai ga buɗe lalitarka ta kanka, wato ma'ajiyar kirifto da ke hannunka ba hannun dandali ba, za a ba ka kalmomi 12 ko 24 na dawo da ita. Wanda ya san su ya mallaki duk abin da ke ciki. Babu dandalin musaya na gaskiya da zai tambaye ka su, babu ma'aikacin taimako da ke buƙatarsu, ko da ya kira ka da cikakken sunanka. A 2020 an sace bayanan abokan cinikin kamfanin Ledger mai ƙera na'urar ajiyar kirifto, har da sunaye da adireshin gida na mutum kusan 272,000, daga nan saƙonnin ƙarya masu ɗauke da sunayen mutane daidai suka yi ta zuwa suna neman waɗannan kalmomin.

Kafin ka yi komai, ka kwafo mini adireshin da aka turo maka yadda yake, a rubuce ba a hoto ba, mu duba shi tare. Idan kuma ka riga ka sa kalmar sirri a can, ka sauya ta yau a duk inda kake amfani da irinta, ka fara da imel ɗinka.

Ka gaishe mini da mutanen gida baki ɗaya. Ina sauraron amsarka.

Wassalam,
Naka amini.