Hamilton ya koyi taka birki kafin ya koyi gudu

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana a kan Lewis Hamilton, direban gasar tseren motoci ta Formula 1, saboda akwai abin da samarinmu na Katsina suke bukatar sani game da shi, musamman waɗanda suka mayar da titi filin wasan mota a lokacin biki ko Sallah.

An haifi Hamilton a shekarar 1985 a garin Stevenage da ke Ingila, kuma shi ne baƙar fata na farko da ya yi tsere a wannan gasa. Mahaifinsa Anthony, wanda iyayensa suka fito daga tsibirin Giranada, ba mai kuɗi ba ne, sai da ya riƙa haɗa ayyuka da dama a lokaci guda kafin ya iya ɗaukar nauyin yaron, wanda ya fara tuƙa ƙananan motocin tsere na yara yana ɗan shekara 8. Abin da ya fi ratsa ni a labarinsu shi ne yadda uban yakan je bakin hanyar tseren ya lura da inda gwanaye suke taka birki kafin kwana, sannan ya matsa gaba kaɗan ya tsaya, ya ce wa ɗansa a nan zai taka nasa. Yaron yakan kauce hanya, ya dawo, ya sake gwadawa, har ƙafarsa ta saba. Kamfanin motocin tsere na McLaren ya ɗauke shi cikin shirinsa na rainon matasan direbobi a 1998, yana ɗan shekara 13, amma bai shiga Formula 1 ba sai a 2007.

A shekararsa ta farko maki ɗaya tak ya raba shi da kambun duniya. A 2008 kuma, a tseren ƙarshe da aka yi a Birazil cikin ruwan sama, yana bukatar ya zo na biyar domin ya ci kambun, kuma bai samu wannan matsayi ba sai a kwanar ƙarshe ta zagayen ƙarshe, lokacin da ya wuce wani direba mai suna Timo Glock, alhali iyalan Felipe Massa, wanda suke takarar kambun da shi, har sun fara murna. Da maki ɗaya Hamilton ya ci kambun. Bayan ya koma Mercedes a 2013 ya ƙara kambu 6, ya cika 7 a 2020, ya kamo Michael Schumacher, tsohon direban da shi ma yake da kambu 7, kuma shi ne direban farko da ya lashe tsere sama da 100. A 2025 ya koma Ferrari.

Na kawo wannan ne saboda abin da na gani da idona a wani ɗaurin aure a unguwarmu. Wani matashi ya ari motar gidansu yana juyi da ita a tsakiyar titi, taya na hayaƙi, yara sun yi masa zobe suna ihu, sai motar ta ƙwace ta daki teburin wata tsohuwa mai ƙosai. Allah Ya kiyaye, ta tsira da ƙunar mai a hannu. Da na yi masa faɗa, sai ya ce ai shi ne Hamilton na unguwa. Wannan magana ta ɓata mini rai, domin Hamilton yana tsere ne a keɓaɓɓiyar hanya, da hular kwano da riga mai hana ƙuna, da likitoci a gefe, bayan shekaru masu yawa na horo.

Katsina ba baƙuwa ba ce wajen tsara wasa mai haɗari. Sarki Muhammadu Dikko ne ya kawo mana wasan polo, ɗansa Sarki Usman Nagogo ya yi fice a cikinsa, kuma an yi wa wasan fili da dokoki da alƙalai. Ina kira ga masu hannu da shuni da hukumomin wasanni su ware ɗan fili a bayan gari, su kawo irin ƙananan motocin da Hamilton ya fara da su, a sa malaman tuƙi su horar da yara. Ku kuma, ranka ya daɗe, ina roƙon ku riƙa kawo labarin wannan gasa a shafinku na wasanni, tare da bayanin dokokinta.

Naka,
Mai karanta jaridarku,
Ƙofar Ƙaura, Katsina.