Amsa ga Alhajin da ya ce ina magana da baki biyu

Assalamu alaikum, Alhaji.

Tambayar da ka jefo mini a shirin lafiya na rediyo, jama'ar Yamai na saurare, ita ce: ta yaya zan ce naitirik oksaid, wato wata iska da jikinmu ke samarwa, yana kare jijiyoyin jini, sannan in dawo in ce yana iya ɓata su? Ka ƙara da cewa ko dai ban san abin da nake koyarwa ba, ko kuma masu farmasi sun cika mini aljihu. Zargi na biyu ba zan tsaya a kansa ba, domin duk wanda ya ga tsohon babur ɗina ya san amsarsa. Na farkon ne ya yi mini ciwo.

Amsar ta faro ne daga LDL, wato ƙunshin mai da furotin da ke ɗaukar kolesterol a cikin jini, wanda ke zama haɗari musamman idan ya maƙale a bangon jijiya kuma oksijin ya ɓata man da ke cikinsa, kamar yadda man gyaɗa ke canza wari idan ya daɗe a buɗe. A nan ne makrofaj, ƙwayoyin garkuwar jiki masu haɗiye datti, suke yi ta haɗiyarsa ba ƙoshi, har su kumbura da kitse su zama tushen abin da ke toshe jijiya.

Idan naitirik oksaid ya tarar da lalacewar tana yaɗuwa a cikin man, yakan kama ɓarɓashin da ke yaɗa ta, ya tsinke ta. An ga haka tun farkon shekarun 1990, lokacin da makrofaj na ɓera da aka zuga suka yawaita samar da shi suka rage ɓata LDL, ko da yake na ɗan Adam ba sa samar da shi da yawa haka a ɗakin gwaji. Amma waɗannan ƙwayoyin dai su ne ke fitar da suparoksaid, makamin da suke kashe ƙwayoyin cuta da shi, kuma da zarar ya haɗu da naitirik oksaid sai su rikiɗe su zama feroksinaitirait, wanda masanin kimiyya Joseph Beckman da abokan aikinsa suka jawo hankali gare shi a 1990. Wannan kuwa da kansa yake ɓata LDL, an kuma sami tabonsa a jijiyoyin mutane da suka toshe. Abin da ke yanke hukunci ke nan shi ne wanne ya rinjaya a wurin, kuma shan taba da ciwon sukari da hawan jini duk suna ƙara suparoksaid.

Na fahimci abin da ya sa bayanin bai yi maka daɗi ba, Alhaji, tunda garin L-arginine da ke jere a kantinka, wato sinadarin da jiki ke samar da naitirik oksaid daga gare shi, an rubuta a kwalinsa cewa yana wanke jijiya, har da ambaton kyautar Nobel. Masana uku, Furchgott da Ignarro da Murad, sun same ta a 1998 saboda gano yadda wannan iskar ke isar da saƙo a jijiyoyin jini; ba a ba su ita don garin gwangwani ba. A wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 2006, an ba waɗanda suka yi bugun zuciya L-arginine, mutum shida daga cikinsu suka rasu, babu ko ɗaya a ɓangaren da ba a ba su ba, sai aka dakatar da gwajin.

Abin da ya fi damuna shi ne dattawan da ke ajiye maganin hawan jininsu don irin wannan garin, a dawo da su asibiti ɓarin jiki ya shanye. Ka zo da kwalin a shiri mai zuwa, ranka ya daɗe, mu karanta wa jama'a abin da ke jikinsa layi-layi.